Buntun Alhaji Nasidi

Duk wanda ya bar Talata Mafara ya kama hanyar Bakura, kafin ya hango injin casar shinkafar Alhaji Nasidi sai ya fara hango tudun buntunsa. Shekara goma sha ɗaya injin yana aman buntu ta wani ƙaton bututu a bayan katanga, har tarin ya kere rufin injin, direbobi suka mai da shi tasha. Fasinja kan ce, "Sauke ni Dutsen Nasidi," ba mai tambayarsa ko ina ne.

Alhaji bai ƙi sunan ba. Mutum ne mai son ya ji ana ambatonsa, ko da a bakin kwandasta ne. Maƙwabta ne ba su ga abin alfahari ba. Iska kan ɗebo buntun ta zuba musu a miya, a ido, a cikin shanya. Wani lokaci wuta ta kama can cikin tudun, ta yi ta ci a ɓoye wata da watanni, hayaƙi yana tashi a hankali, unguwa tana tari.

Saboda haka ne Malam Dogara duba-gari ya san hanyar ofishin Alhaji kamar hanyar gidansa. Mutumin Zuru ne, dogo, marar hayaniya, ya shekara ashirin yana aiki a garin, kuma yana da wata jaka baƙa da ba ta taɓa ɓatar da takarda ba. Duk wata uku sai ya zo da takardar gargaɗi a kwashe buntu.

Wata rana Alhaji ya gaji, ya tura hula gaba ya ce, "Malam Dogara, tsaya in tambaye ka. Buntun wa?"

"Na injinka, Alhaji."

"A'a. Ni inji gare ni. Mata suna kawo shinkafarsu, in tuɓe mata riga, su biya ni ladan tuɓewa. To rigar ta wa ce? Wanda ya kai rago mahauta, fatar ta mahauci ce ko ta mai rago? Tahi ka nemi masu buntu, ka bar ni in sha iska."

Dogara ya ce, "Kana iya rubuta min haka?"

Alhaji ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu, ya danna hatimin kamfani har sau biyu don daɗi. Da yamma a majalisa ya ba da labarin yadda ya ɗaure duba-gari da igiyar hankali, aka yi ta dariya. Dogara kuwa ya linke takardar ya sa a jaka.

Mafi yawan shinkafar da ke shiga injin nan ta matan Bakura ce masu turara ta kafin a cashe. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Marka, gajeriya, mai kaifin ido, wadda zafin tukunya ya ƙona mata bayan hannu har ya yi sheƙi. Kowace Litinin takan zo da buhunan mata kusan talatin a cashe, don a kai kasuwar Talata washegari. Sana'ar turara ba ta yiwuwa sai da wuta, ga shi itace ya zama abin da ya zama tun da shiga dajin Maradun ya koma sayar da rai.

Wata Litinin Marka ta tsaya a ƙofar ofis ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, "Alhaji, wanga buntu na bayan katanga, ko ana ba mu kaɗan?"

Alhaji ya dube ta ya ga ba wasa take yi ba. "Mi za ki yi da shi, Marka? Ko tuwon buntu kunka koma?"

"Gwaji muka son yi."

"Kwasa! In kin iya ki ɗauki dutsen duka bisa kai. Wallahi ko motata kika so, a kai miki har Bakura."

Aka kuwa kai mata. Ya sa direban tsohuwar tifarsa ya zuba mata lodi guda a fili bayan gidanta, ya kuma shaida wa majalisa cewa tsadar itace ta fara taɓa wa matan Bakura kai.

Gwajin na Marka ne da wata ƙawarta, Malama Dinatu, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya a Mafara. Sukan cika ganga mai huji da buntu, su kunna, su rufe, ya ci a hankali har ya yi baƙi bai zama toka ba. Sai su daka, su kwaɓa da kunun sitacin rogo, su dandanna a cikin guntun bututu, su shanya a rana. Na farko ya wargaje. Na biyu ya ƙi kamawa. Sai a karo na biyar suka samu gawayi mai ci a hankali, ba hayaƙi, ba tartsatsi. Matan suka fara turara da shi. Masu shayi suka ji labari, masu tsire suka biyo, masu tuyar ƙosai suka ce su ma a ba su. Tokar da ta rage kuma manoman albasa na Birnin Tudu suka riƙa zuwa da jakuna suna kwasa.

Shekara biyu ana haka. Dutsen Nasidi ya fara ramewa ta gefe guda. Wuta ta daina kamawa, Dogara ya rage zuwa. Alhaji ya san ana yin wani abu da buntun, amma bai taɓa tambaya ba, don a ganinsa duk abin da aka yi da shara ɗan uwan shara ne. Abin da yake faɗa a majalisa shi ne, "Kun ga dabara? Na samu masu share min gida kyauta, har suna yi min godiya."

Ana nan sai wata ƙungiya ta kira masu injin shinkafa taron bita a Gusau. Alhaji ya tafi saboda an ce akwai kaza da kuɗin mota. Ya zauna a layin gaba cikin sanyin na'ura yana gyangyaɗi, har aka gabatar da wani matashi mai kwat da farin tabarau, Injiniya Lukman, wanda ya zana da'ira a allo ya ce sunan darasin yau tattalin arzikin zagaye.

"A duniyar da ta ci gaba," in ji Injiniya, "babu abin da ake kira shara. Sharar wannan masana'anta ita ce abincin waccan. Abu yana zagayawa ne, ba ya faɗuwa ƙasa."

Alhaji ya ci gaba da gyangyaɗi. Sai aka haska hoto a bango, na kusa da shi ya zungure shi. Dutsen Nasidi ne, ga katangar, har ga akuyar maƙwabci a kai. Aka haska na biyu: gawayin Marka jere a rana kamar ƙuli-ƙuli, wata mota tana lodi.

"Wannan tudu da kuke gani," Injiniya ya buga allo da sanda, "ba buntu ba ne. Zinare ne a kwance. Mai shi yana zaune a kan arziki."

Aka yi tafi. Wasu suka waiwayo suna yi wa Alhaji barka. Shi kuwa lissafi ya shiga yi. Da aka kawo kazar, ta ƙi wucewa. Shekara biyu! Shekara biyu ana kwashe masa zinare da rana tsaka, shi ne mai ba da mota, shi ne mai zuba mai, kuma har yana yi musu Allah-ya-kiyaye-hanya. Duk tsawon hanyar komawa Mafara ƙwafa kawai yake yi.

Kafin Litinin ta zagayo an kewaye tudun da waya mai ƙaya. An ɗauki maigadi mai kwari da baka. An kafa allo kore mai faɗin ƙofar gari, da hoton Alhaji a tsakiyar wata da'ira ta kibiyoyi, an rubuta: KAMFANIN ARZIKIN ZAGAYE NA ALHAJI NASIDI. WANNAN KAYAN SARRAFAWA NE. BA SHIGA.

Marka ta iso da buhunanta, ta tsaya ta dubi allon, ta sa aka karanta mata. Ta shiga ofis ta yi gaisuwa yadda ta saba, ba ta rage ko ɗaya ba.

"Alhaji, mun ga an yi wa buntu aure, har da ɗan tsaro."

"Ba buntu ba ne," in ji Alhaji, yana kallon silin. "Kayan sarrafawa ne. Kuma abin da kunka kwasa shekara biyu, na bar ku da Allah, ko kuma mu zauna."

"Kai ka ce mu kwasa."

"Na ce ku kwashi shara. Ban ce ku kwashi zinare ba."

Don ya nuna maganar ta hukuma ce, Alhaji da kansa ya aika aka kira Malam Dogara ya zo ya shaida cewa tudun nasa ne. Dogara ya zo a kan babur ɗinsa, ya saurari kowa, sannan ya buɗe baƙar jaka ya zaro wata takarda da ta fara ja don tsufa. Ya karanta a hankali, kamar mai karatu a coci: ni Alhaji Nasidi ina shaida cewa buntun da ke bayan injina ba nawa ba ne, na matan da ke kawo shinkafa ne.

"Ga sa hannunka, Alhaji. Ga hatimi, har biyu."

Leburorin injin da suka taru a taga suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Alhaji ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ko zai samu wata ƙofa.

"Wanga takarda," ya ce daga ƙarshe, "an rubuta ta lokacin jahilci. Yanzu ilimi ya zo. Duk abin da ya hita ta bututuna nawa ne."

Kowa ya zaci Marka za ta ɗaga murya, ko ta ce sai gaban alƙali. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Ba mu shari'a da kai, Alhaji, mun ci gishirinka. Riƙe dutsenka. Amma tunda abin da ya hita ta bututunka naka ne, to shinkafarmu ba ta ƙara shiga bututunka. Ku mai da buhunan mota."

Alhaji ya yi dariya har da buga tebur. Ina za su? Injin da ya fi kusa shi ne na Manu a Maradun, ƙaramin abu mai tari kamar tsohon jaki. Ya ce wa leburori su ba su mako biyu, za su dawo suna roƙo.

Manu kuwa, da ya ga mota cike da shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, ta tsaya a ƙofarsa, kuma aka ce masa sharaɗin kawai a bar mata su tafi da buntunsu, sai da ya tambaya sau biyu ko ya ji daidai. Shi ma nasa tudun ya dame shi. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya aika aka sayo musu fura.

Mako biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. Alhaji bai damu ba, don hankalinsa yana kan babban abu. Ya nemi Injiniya Lukman, wanda ya bayyana masa cewa abin da matan nan suke yi da ganga wasan yara ne. Akwai inji na zamani da ke haɗiye buntu ɗanye ta nan, ya fitar da sandunan makamashi ta can, ba kunu, ba shanya. Kuma cikin ikon Allah, Injiniya ya san mai sayarwa a Kano. Alhaji ya sayar da gonarsa ta fadama, aka kawo injin a kan tirela, kore shar, girmansa ya kai ɗaki. Sai da aka sauke aka gane wutar gari ba ta iya tayar da shi, ko a ranar da ta ga damar zuwa. Aka ƙara da janareta mai shan gas kamar raƙumin da ya dawo daga sahara.

Aka sa ranar buɗewa. Alhaji ya kafa rumfuna huɗu, ya gayyaci manyan gari da 'yan kasuwa da mutanen ƙungiyar nan ta Gusau da masu ɗaukar hoto. Maroƙi ya yi ta kirari: Nasidi mai mai da ƙasa zinare, Nasidi zagaye ba ka da ƙarshe! Alhaji ya sha babbar riga mai aska takwas, ya yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto. Ya danna maɓalli, aka ɗauki hoto. Injin ya yi gurnani, ƙasa ta girgiza, can sai ga wasu sanduna masu ruwan ƙasa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga guda sama, aka ɗauki hoto. Mutanen Gusau suka duba agogo, suka ce suna da wani taron, suka shiga mota.

Saura gwaji. An kawo Ishaq mai shayi na bakin tasha da murhunsa, don ya dafa wa manyan baƙi shayi da makamashin zamani. Abin da ba wanda ya kula shi ne damina ta riga ta sauka, ruwa ya yi kwana uku yana dukan tudun, buntun ya sha ya ƙoshi. Ishaq ya jera sandunan, ya kunna, ya yi fifita. Wani farin hayaƙi mai kauri ya tashi, ya tsaya kamar yana shawara, sannan iska ta kwashe shi ta tura cikin rumfar manya.

Tari ya kaure. Wani dattijo ya rufe fuska da rawani, wani ya tashi ya taka rigar na kusa da shi, kujeru suka fara faɗuwa. Maroƙi ya yi ƙoƙarin ci gaba da kirari, muryar ta sarƙe a "zaga". Ishaq ya daure, yana fifita hawaye na zuba, har sandunan suka farfashe suka koma buntun da suke tun asali.

"Ƙara iska!" in ji Alhaji daga nesa, hannun riga a hanci.

"Alhaji," in ji Ishaq, "in sauro kaka son kora, wanga ya yi. In shayi ne, a ba ni izini in ɗauko gawayin Marka, yana nan cikin buhuna."

Da shi aka dafa shayin. Waɗanda suka rage suka sha, suka yaba.

Injiniya Lukman ya ce matsalar danshi ce, sai an sayi wani injin na busarwa. Alhaji ya ce a shanya a rana. Aka shanya, injin ya yi aiki mako uku, sannan ya tsaya cak. Makaniki ya buɗe ya nuna masa ƙarfen da ke murɗa buntun: ya cinye ya yi sumul kamar an lashe. Ya ce buntun shinkafa yana da yashi a jikinsa, ƙarfe yake ci. Sabon ƙarfen sai daga ƙasar waje. Alhaji ya kira Injiniya, waya ta ce a sake gwadawa an jima. Ya yi ta sake gwadawa har kaka.

A nan ne ya fara lura da shirun. Injin casa, wanda a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙararsa, yanzu sai ya yini bai yi awa biyu ba. Matan Birnin Tudu sun bi na Bakura, na Jangebe ma sun ji labari. Leburori suna kwance a kan buhunan wofi suna dara. Bututun bayan katanga ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Tsohon tudun kuwa, a cikin wayarsa, ya sha ruwan damina guda, ya yi baƙi, ya fara wari, ciyawa ta tsiro a kansa. Maigadi yana zaune a gindinsa da kwari da baka, yana tsaron ruɓa, yana kashe macizai.

Sai ga babur ɗin Malam Dogara.

"Alhaji, maƙwabta sun kawo kuka. Wari, da sauro, da macizai. Ga takarda, kwana talatin."

Alhaji ya buɗe baki da niyyar tambayar buntun wa. Dogara ya juya ya kalli koren allon, inda hoton Alhaji ke murmushi a tsakiyar kibiyoyi. Alhaji ya rufe bakinsa ya karɓi takarda.

A makon nan ya kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka auna koren injin a kan sikeli, gunduwa-gunduwa, kamar naman sa. Bai tsaya kallo ba. Ya yi mako guda yana jinyar zuciya, sannan ya sa hula ya ce wa direba Bakura.

Bai taɓa zuwa filin Marka ba. Ya yi zaton zai ga 'yan tsofaffi biyu da ganga ɗaya. Ya tarar da ganguna sun fi ashirin a jere suna fitar da siririn hayaƙi, mata suna daka, wasu suna kwaɓi, wasu suna juya shanya, Malama Dinatu tana zagayawa da tabarau a goshi tana duba kaurin kunu. A gefe kuma wasu sababbin na'urorin dannawa guda uku na hannu, masu dogon mariƙi, mace ɗaya ta danna sai gawayi goma sha biyu su fito lokaci guda. Ƙarfensu kore ne shar. Alhaji ya matsa kusa. A jikin ɗaya har da ragowar rubutun kamfanin da ya ƙera injinsa.

Marka ta taso tana goge hannu a zani. "Maraba da Alhaji. Kana kallon ƙarfen? Wani mai walda ya samo muna wajen 'yan gwangwan, da araha. Ya ce na wani babban mutum ne da ya gaji da shi. Ƙarfe mai kyau, Allah ya saka wa mai shi."

Alhaji ya ɗauke ido daga kan ƙarfen. "Amin," ya ce.

Aka kawo masa kujera da ruwa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, wadda bai taɓa yi mata irinta ba, ya tambayi har jikoki. Sannan ya ce, "Hajiya Marka..."

"Ban je ba tukuna, Alhaji."

"Allah ya kai ki. Cewa na yi, mu da ku tun ba yau ba. Abin da ya faru sharrin 'yan boko ne. Ku dawo gida."

Marka ta ce ba ita kaɗai ba ce, sai ta ji bakin mata. Ta bar shi a zaune cikin rana kusan awa guda, suna shawara a inuwar darbejiya, yana jin dariya jefi-jefi. Da ta dawo ta zauna a kan turmi ta jero masa. Rabin mata za su ci gaba da zuwa wurin Manu, don bai yi musu laifin komai ba, kuma ba a mai da ƙwai duka cikin kwando guda bayan an ga yadda kwandon yake. Rabin za su dawo. Za a cire waya. Za a yi wa sabon buntu rumfa kada ruwa ya taɓa shi. Tifar Alhaji za ta kawo shi Bakura duk Litinin. Ruɓaɓɓen tudun kuma a bar manoman Birnin Tudu su kwashe, taki ne.

Kunnen Alhaji ya motsa. "Taki? Wato shi ma yana da..."

"Alhaji," in ji Marka.

"Su kwasa," ya ce da sauri. "Su kwasa."

Cikin kwana goma jakuna da amalanke suka share wurin. Injin casa ya dawo da rabin muryarsa. Majalisa ta samu abin taunawa na wata guda, Alhaji ya rage fita.

Bayan salla ƙarama sai ga wasiƙa daga Gusau a cikin farar ambulan. Ƙungiyar nan ce. Sun ce bisa hotuna da rahoton da wakilansu suka kawo daga bikin buɗe masana'antarsa, an zaɓe shi Gwarzon Arzikin Zagaye na shiyyar, ana gayyatarsa ya karɓi lambar yabo. Alhaji ya karanta sau uku. Ya duba bayan takardar ko an ambaci wani suna. Ba a ambata ba. Ya ɗan yi tunani, na tsawon shan kofin shayi, sannan ya aika a wanko babbar riga.

A Gusau ya yi jawabi na minti ashirin. Ya ce tun yana yaro ba ya son ganin an zubar da abu. Ya ce shi ya fara ba matan karkara buntu kyauta, har da mota, lokacin da mutane ke yi masa dariya. Ya ce ko ƙarfen da suke aiki da shi a yau daga wurinsa ya fito. Duk cikin maganar ba ƙarya ko ɗaya, shi ya sa ya faɗe ta da ƙarfi. Aka tafa, aka miƙa masa wani allo mai sheƙi da sunansa da ruwan zinare.

Ranar Litinin ya ce shi zai raka tifa Bakura da kansa. Ya sauko da allon a rungume, ya tsaya a tsakiyar fili inda kowa zai gani, ya yi gyaran murya. Mata suka dakata da daka. Malama Dinatu ta sauke tabarau ta karanta musu rubutun da ƙarfi, ta mai da tabarau goshi.

Marka ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta auna nauyinsa, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Barka, Alhaji. Katako ne?"

"Wane irin katako? Gilashi ne, na waje."

"Ayya," in ji Marka. Ta miƙa masa abinsa, da shaidar baƙin yatsunta biyar a kan sunan. "To ba ya cin wuta ke nan. Ka ce wa direba ya ja baya kaɗan, ya zuba can kusa da ganguna. Wancan makon nesa ya zuba muna."

Alhaji ya goge allon da hannun riga, baƙin ya ƙara bazuwa. Ya tura shi ƙarƙashin kujerar mota, ya koma bayan tifa yana ɗaga hannu.

"Taho, taho. Kaɗan kuma. Tsaya!"